Ina jan ruwa yake kai ƙarfin gona?

Ruwan sama fari yake saukowa. Wanda ya tara ƙwarya, tas zai gan shi kamar ruwan rijiya. Amma ruwan da ke gudu cikin kori bayan an ɗauke, ja ne wur, mai kauri kamar kunu. Tsakanin sama da kori babu marina. Gonaki ne kaɗai da daji. Ke nan abin da ya rina ruwan daga gonaki ya fito.

Kowane manomi ya san haka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin kayan da ruwan ya ɗauka, da wurin da yake kai su, da dalilin da ya sa masana na ƙasashen duniya suke bin koguna da kwalabe da ma'auni, suna awon kayan nan kamar masu awon hatsi ranar kasuwa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko dala. A samu farar kwalba, a ɗebi ruwan kori ranar ruwan farko mai ƙarfi, a aje ta cikin ɗaki inda yara ba su taɓawa. Nan da nan rairayi zai kwanta a gindi. Bayan kwana ɗaya ko biyu laka mai laushi ta kwanta bisa rairayin. A saman ruwa kuma ga tarkace na yawo: guntun kara, ƙaiƙayi, busasshen ganye, kashin awaki. Ruwan da ya rage a tsakiya ba ya komawa fari sarai. Yakan tsaya da launin shayi marar ƙarfi, ko an tace shi da ƙyalle launin ba ya fita.

Rairayi shi ya fi nauyi, shi ya fi cika ido, shi ne kuma mafi arha, don gona ba ta rasa rairayi. Jan launi na tsatsar ƙarfe ne da ke cikin ƙasa. Masu tsada su ne sauran: tarkacen da ke sama, da baƙin abin da ya manne ga jikin laka, da launin shayin da ya narke cikin ruwa. Duka ukun asalinsu ɗaya. Tsiro ne da ya mutu, ko wanda ya bi ta cikin dabba. Shi manomi yake kira ƙarfin ƙasa. Masana kuwa, in za su auna shi, sai su auna wani abu da ke cikinsa mai suna karbon.

Mene ne karbon?

Sunan baƙo ne, abin kuwa ɗan gida ne. Gawayin maƙeri mafi yawansa karbon ne. Baƙin da ke gindin tukunya karbon ne. In icce ya bushe sarai, kusan rabin nauyinsa karbon ne. Haka karan hatsi, haka harawa, haka tsabar da ke cikin rumbu.

Abin mamaki, tsiro daga iska yake ɗaukar karbon ɗinsa. Cikin iskar da ake shaƙa akwai wata iri da ake kira gaz karbonik. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba ta da yawa: in an raba iska kashi 10,000, ita kashi 4 ce da ɗan ɗoriya. Ganye na jan ta da rana, ya gama ta da ruwan da saiwa ta kawo, da ƙarfin hasken rana ya gina kara da zangarniya. Mutum ya ci tsaba, saniya ta ci kara, wuta ta ci icce. Abin da ya faɗi ƙasa, gara da tsutsa da ƙananan halittu da ido ba ya gani su cinye. Kowannensu na mai da karbon ga iska, mai rai ta numfashi, wuta ta hayaƙi. Aro ne iska take bayarwa, kuma tana karɓar abinta.

Sai dai ba duka take karɓa nan take ba. Wani abu kaɗan na ruɓewa ya yi baƙi, ya manne ga laka, ya zamna cikin ƙasa shekaru. Mata masu ginin tukwane sun san shi. Baƙar laka suke ɗebowa daga tabki, amma in tukunya ta sha wuta sosai sai ta fito ja. Wuta ta cinye baƙin, ta bar laka tsura.

Wannan baƙin abu shi ke riƙe ruwa kamar soso. Shi ke riƙe takin zamani kar ya zurare ƙasa tun hatsi bai ci ba. Shi ke gama ƙwayoyin ƙasa wuri ɗaya don kar iska ta ɗauke su. In aka gama na ƙasar duniya duka, zurfin mita guda, an ƙiyasta ya kai ton miliyan dubu 1,500, watau ya fi wanda ke cikin iska duka yawa. Ton guda kilo 1,000 ne, buhu goma na kilo ɗari ɗari.

Amma rabon jigawar Nijar a ciki ƙarami ne ƙwarai. Cikin kilo 1,000 na ƙasar jigawa, sau da yawa karbon bai wuce kilo 2 ko 3 ba, alhali ƙasar kurmi takan riƙe kilo 20 ko 30 ko fiye. Zafi na sa abu ruɓewa da sauri, tsiron ma ba shi da yawa, kuma abin da ya rage bayan kaka ana kwashe shi don darni da wuta da abincin dabbobi. Mai buhu ɗari in ya yi ɓarin tiya guda ba ya ji. Mai tiya uku yana ji.

Ruwa kuma ɓarawo ne mai zaɓe. Ƙarfin ƙasa a sama yake, cikin ɗan tafin hannu na farko, kuma ya fi rairayi rashin nauyi. Shi ne na farkon tashi. Domin haka, in aka auna lakar da ruwa ya ɗauke, akan samu ta fi gonar da ta fito ƙarfi. Gona na aika mafi kyawun abinta, ta riƙe tsakuwa.

Wa da ƙane

A wani gari na ƙasar Adar, wani dattijo ya rasu ya bar gona biyu da ɗiya maza biyu. Da aka yi rabo, babban ya samu fadama a gindin dutse, autan ya samu tudun da ke bisanta. Tudun ya fi faɗi nesa ba kusa ba, don haka ba wanda ya ce an yi rashin adalci.

Autan ba malalaci ba ne. Kowane rani yana shiryawa da wani Bafillace ya sauka da shanunsa bisa gonar su kwana su kashe taki, shi kuma ya ba da damman hatsi. Yana ɗaukar sharar gida da jaki ya kai. Kafin bazara gonar ta yi baƙi da taki, duk mai wucewa sai ya yaba. Sai ruwan farko ya zo da dare, da iska da tsawa, bisa ƙasar da babu ko ciyawa guda. Da safe gonar ta wanku fes kamar tsakar gidan amarya. Kashin shanun yana can gindin dutse, ya yi layi a bakin fadama.

Shekara ta yi, shekara ta yi. Albasar wa na ƙara girma, hatsin ƙane na ƙara gajarta. Wata rana autan ya kasa haƙuri, ya ce ma wansa:

"Yaya, takin da na saya da hatsina, ga shi nan cikin albasarka."

Wan ya yi dariya ya ce: "To auta, ni na kira ruwa? Ka je ka kai ƙarar kori wurin sarki."

Gaskiyar wan ce, gaskiyar ƙanen ce. Tun da aka halicci tudu da kwari, tudu ke ciyar da kwari. Duk wata fadama mai albarka, daga Majiya har Gulbin Maraɗi, ƙarfin tudu ne da ruwa ya tara shekaru aru aru. Mai cin albasar Galmi ko tumatir ɗin Gulbi yana cin abin da gonakin sama suka rasa. Da ruwa ba ya ɗaukar komi, da babu fadama.

Amma autan mutum ne mai lura. Ya ga abin da ya tsaya a fadamar wansa bai kai abin da ya bar tasa gonar ba. Saura ya wuce da jan ruwa. Ina ya nufa?

Doguwar hanya

Amsar ta danganta da inda gona take. A Nijar koramu da yawa ba su ganin teku. Ruwan kori na gudu kilomita kaɗan ya faɗa tabki, rana ta shanye wani, ƙasa ta shanye wani, kayan da ya ɗauko su kwanta nan. Ruwan Majiya na bi ta ƙasar Ƙonni ya ƙare a tabkin Kalmalo, cikin Najeriya, kusa da iyaka. A gabas, Komadugu Yobe da ke wucewa ta Difa yana zuba cikin tabkin Cadi, shi kuma tabkin Cadi ba shi da mafita zuwa teku. Takin autan, in ya yi nisa ƙwarai, Kalmalo ne iyakarsa.

Na mutumin Maraɗi daban ne. Gulbin Maraɗi na tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar wajen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Rima ya bi ta madatsar Goronyo ya gamu da kogin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kebbi su faɗa babban kogi, wanda ake kira Isa a Nijar, Kwara a Najeriya. Daga nan sai madatsar Kainji da aka gama a 1968, sai ta Jebba, sai Lakwaja inda Binuwai ke shigowa, sai teku. Guntun karan da ya bar gona a Tibiri yana da hanya har ruwan gishiri.

Hanya dai akwai ta. Isa ne ke da wuya, domin kogi ba jaki ba ne da zai kai kaya yadda aka ɗora masa. Yana cin kayan a hanya, yana zubar da wasu.

Cikin ruwa ma akwai ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, kuma ruɓaɓɓen tsiro shi ne tuwonsu. Suna ci suna numfashi, gaz karbonik na fita daga ruwan ya koma sama. Kogi na fitar da numfashi dare da rana, ba a gani, ba a ji. Wasu ƙananan ƙwari na cin tarkacen su ma, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manya su ci ƙanana. Tarwaɗar da masunci ya kama a Madarumfa, wani sashe na namanta ganyen gonakin sama ne.

Inda ruwa ya lafa kuma, laka ta kwanta da abin da ke jikinta: cikin fadama, cikin tabki, bayan madatsa. Ƙarƙashin taɓo iska ba ta shiga, ruɓewa sai ta yi jinkiri. Makiyayin da ya taɓa shiga tabki da rani don jawo saniyar da ta kafe ya ga kumfa na tasowa daga baƙin taɓo inda ya taka. Wannan wata iska ce da ake kira metan. Ita ma karbon ce ke cikinta, tana kama wuta, ƴar'uwar gaz na dafuwa ce. Ko abin da aka rufe da taɓo, ashe, yana neman hanyar komawa sama.

A 2007 wasu masana sun gama lissafin duniya duka. Suka ƙiyasta cewa kowace shekara karbon ton miliyan 1,900 na barin tudu ya shiga koguna da tabkuna. Wajen ton miliyan 900 ne ke isa teku. Wajen 750 na komawa iska a hanya, fiye da 200 kuma na kwantawa cikin laka. Awon da aka yi daga baya ya nuna abin da ke shiga ruwa da abin da ke komawa iska duka sun fi haka yawa. Kafin wannan lissafi mutane da yawa na ɗaukar kogi kamar indararo ne, abin da ya shiga ta sama shi ke fita ta ƙasa.

Cikin ton miliyan 900 da ke isa teku, kusan rabi ne ɗan tsiro. Sauran ɗan dutse ne, watau wanda ke tafiya narke cikin ruwa kamar kanwa, bayan ruwan sama ya lasa duwatsu. Ɗan tsiron shi ma kashi biyu ne kusan daidai: wanda ya narke kamar shayi, da wanda ke tafiya gutsuri gutsuri tare da laka. Abin da kwalba ta nuna cikin ɗaki, shi ne dai a bakin teku.

Koguna ba ɗaya suke ba wajen wannan dako. Na kurmi sun fi kowa ɗaukar narkakke. Kogin Amazon na Amurka ta Kudu, wanda ya fi kowane kogi ruwa, yana da reshe da ake kira Riyo Negro, watau baƙin kogi, don ruwansa kamar shayin da ya daɗe bisa wuta yake saboda ganyen kurmi. Kogin Kwango ma ruwansa ya yi duhu haka. Na manyan duwatsu kuwa sun fi ɗaukar laka. Ganjis da Barahmaputara, masu saukowa daga duwatsun Himalaya, suna zuba laka mai yawa cikin tekun Bangal, har tana rufe karbon ɗin da sauri tun ƙananan halittu ba su cinye shi ba. Jan ruwan Sahel bai kai waɗannan ba ko kusa. Kowane kilo na lakarsa ɗan karbon kaɗan ke ciki, don ƙasar da ya fito matalauciya ce. Talaka aka yi ma sata, shi ya sa kayan ba su cika ido.

Ruwa biyu a Yamai

Mutanen Yamai na ganin wannan labari da idonsu sau biyu a shekara. Kogin Isa na tasowa daga duwatsun Gine, ya yi tafiyar kilomita wajen 4,200 kafin ya kai teku. A Mali, tsakanin Mopti da Tumbutu, yana bazuwa cikin wata babbar fadama mai tabkuna da ciyawar burgu. Nan yake jinkiri, rana ta sha rabonta, laka ta kwanta, shanun Fulani da kifi da shinkafa su ci moriya. Ruwan Gine sai ya iso Yamai cikin ɗari, wajen Disamba da Janairu, a tace. Ana kiransa baƙin ruwa don babu jan laka cikinsa.

Jan ruwa kuwa na malka ne, Agusta da Satumba. Yana zuwa daga koramu uku masu tasowa daga wajen Burkina Faso, Gorwal da Dargol da Sirba, da ƙananan kori na kusa. Ba shi da wurin hutawa, kai tsaye yake faɗowa da kayan gonaki.

A da, baƙin ruwa ne babba. Sai aka yi farin shekarun 1970 da na 1984, har a Yuni 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Itatuwa suka mutu, daji ya zama gona, gona ta zama fako. Masu awo suka ga abin da ya ɗaure musu kai: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu cikin koramun Sahel ya ƙaru. Dalili, ƙasar da ta rasa ciyawa da baƙin abin nan sai samanta ya daskare kamar daɓe, ruwa ba ya shiga, sai gudu. Daga baya jan ruwa ya riƙa wuce baƙi a shekaru da dama. A Satumba 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan, ya ci gidaje da gonakin shinkafa. Mutumin birni ya ce ruwa ya yi yawa. Mutumin tudu, a wannan shekara ko wata, yana kukan gonarsa ba ta riƙe laima. Ruwa ɗaya ne suke kuka da shi.

Abin da teku ke rufewa

Ko a teku ba a gama ci ba. Mafi yawan abin da kogi ya kawo, ƙananan halittun teku na cinye shi, ya koma ruwa da iska. Kaɗan ne ke nutsewa a bakin koguna, laka ta rufe shi, wata ta hau bisa wata. Wannan kaɗan ya fita daga zagayen ke nan, ba shekara ɗari ba, ba dubu ba, miliyoyi. Masana na ba shi muhimmanci domin yana cikin hanyoyin da duniya ke rage ma iska gaz karbonik sannu a hankali tun fil azal.

Abin da aka rufe haka, in ya daɗe ƙwarai cikin zafi da nauyin ƙasa, yakan zama man fetur ko gawayin ƙasa. Man da aka samu a Oloibiri a 1956, a bakin kogin Isa cikin Najeriya, asalinsa tarkacen tsiro ne da ƙananan halittun ruwa da laka ta rufe. Gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda ake ƙonawa don ba Agadas da Arlit lantarki, itatuwa ne na wata fadama da ta shekara fiye da miliyan 300. Inda yau rairayi ne da raƙuma, dā can ruwa ne da kurmi.

To, ga inda magana ta karkace. Abin da koguna suka ɓoye cikin shekaru miliyoyi, ɗan Adam na tono shi yana ƙonawa cikin ƴan shekaru. Mai da gawayin ƙasa da gaz da ake ƙonawa a duniya na zuba karbon wajen ton miliyan dubu 10 cikin iska kowace shekara. Ya ninka duk abin da koguna ke kai teku sau goma. Kafin zamanin masana'antu gaz karbonik bai kai kashi 3 cikin 10,000 ba, ga shi ya wuce 4. Yana riƙe zafi kamar bargo, shi ya sa duniya ke ƙara ɗumi.

Manomin Nijar ba shi ya hura wannan wuta ba. Rabon ƙasarsa cikin hayaƙin duniya bai taka kara ya karya ba. Kuma kar wani ya zo ya lallashe shi cewa takin da ya rasa ya je ya yi ma duniya amfani a ƙarƙashin teku. Mafi yawansa ya koma iska tun a hanya. Ga littafin masana, abin da kori ya ɗauka daga gonar autan ƙura ce bisa ma'auni. Ga gidan autan, shi ne bambancin rumbun da ke kai damana da wanda ke ƙarewa tun ɗari.

Ranar da rairayi ya sauko

Dariyar wan ba ta ɗore ba. Da gonar sama ta gama ba da baƙin abinta, ruwa ya fara cin jikinta. Ƴar hanyar ruwa da yaro ke tsallakewa ta zama rami, rami ya zama kwazazzabon da ke ɓoye mutum tsaye. Abin da ke saukowa fadama ya daina zama laka mai laushi. Rairayi ne da tsakuwa. Wata damana, cikin dare ɗaya, kori ya shimfiɗa farin rairayi bisa sashen garkar albasa, ya cike rijiya guda.

Da rani wan ya hau tudu da kansa ya iske ƙanensa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce: "Auta, ina za a fara jera duwatsun?"

Jera duwatsu ba sabon abu ba ne a Adar. Kakanni na yi, suna kiransa gandari. Ana jera su a gicciye, ba bin gangara ba, don ruwa ya ci tuntuɓe. Ruwan na wucewa ta tsakanin duwatsu, amma in gudunsa ya ragu ba ya iya riƙe kaya, sai ya sauke laka da tarkace a gindin layi. Bayan damana biyu ko uku akan ga baƙar ƙasa ta taru nan, ciyawa da ƴan itatuwa sun fito da kansu. A ƙasar Keita, daga 1984, an yi wannan aiki bisa tudu da gangara masu yawa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun bisa kansu.

Tassa ma ta daɗe, amma an gyara ta bayan wasu manoma na ƙasar Ilela sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi can. Ana gina rami bisa fako, faɗinsa taki guda ko ɗan fiye, a tara ƙasar da aka tono ta gefen gangara, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Takin da ke cikin rami ruwa ba ya wanke shi. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya bi hudojin ya shige. Abin ya yi kyau har fakon da a da ba a karɓa ko kyauta ya zama abin saye da kuɗi wajen Ilela da Badagishiri. Rabin wata shi ma haka yake aiki, bakinsa na duban tudu.

A Maraɗi da Damagaram kuma itatuwa aka sa gaba. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga ƙasar Maraɗi a shekarun 1980, shi ne a daina sare duk abin da ya toho daga kututture, a zaɓi rassa masu ƙarfi na kalgo ko sabara ko gawo a bar su su tashi. An ƙiyasta gonakin da suka samu itatuwa ta wannan hanya sun kai hekta miliyan 5. Icce na jawo karbon daga iska ya zuba ma gona da ganyensa, saiwarsa kuma na riƙe ƙasa. Gawo ya fi su dabara, don da damana yake zubar da ganye, ya ba hatsi taki ba tare da ya tare masa rana ba. Duk wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya ya ga yadda hatsin gindin gawo ke fin na fili tsawo.

Akwai abin da ba ya son ko dutse ko kuɗi, shi ne barin wani sashe na kara kwance bisa gona maimakon kwashe shi duka ko ƙona shi da sassabe. Nan ne gardama take, domin makiyayi na son karan, mai ɗaki na son shi don wuta, mai gida na son shi don darni. Ba kowane gida ke iya barin shi ba, kuma wanda dabbarsa ke jin yunwa ba a ga laifinsa. Amma toka da hayaƙi ba su riƙe ruwa.

Wa da ƙane dai sun fara daga can sama, inda ruwa bai yi ƙarfi ba tukuna, suka riƙa saukowa layi bayan layi. Wanda ya fara tare kwazazzabo daga gindi, ruwan farko na watsa masa duwatsu. Taki kuma autan ya daina barin shi a shimfiɗe bisa fili, sai cikin ramukan tassa. Aikin na rani ne, a gama shi kafin hadarin farko ya haɗu, domin ruwan farko, wanda ke iske gona tsirara da taki a samanta, shi ya fi kowane ruwa ɗaukar kaya.